Maganar girgizar ƙasa daga bakin mai saida siminti a Maradi

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da mu masu aiko da dogon surutu. Dan Allah ka ɗan matsa mani fili ko can ƙasan shafi ne in amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mani tuwo a ƙwarya.

Ni dai ba malamin lakwal ba ne ba kuma ma'aikacin gwamnati ba, siminti da ƙarfen gini nake saidawa nan Maradi yau shekara ashirin da 'yan kai, karatuna bai wuce kwaleji ba sai dai ina da jarabar sauraren radiyo da yawan tambaya. Kwanan baya muna zaune a fada bayan isha'i ana jiran shayi na biyu, wani yaro ya miƙo salula yana nuna mana bidiyon girgizar ƙasa, wani bene mai hawa wajen goma yana durƙushewa kamar raƙumi zai sauke kaya, ƙura ta turnuƙe mutane na gudu. Kowa ya yi salati. Sai wani abokina dillalin filaye ya ce to Allah shi kyauta, amma mu mi ya haɗa kifi da kaska, tun kaka da kakanni wa ya taɓa jin ƙasa ta motsa a Maradi, talauci da masassarar sauro ma sun ishe mu. Anka yi dariya anka wuce wurin. Ni ban yi dariya ba, kuma ban iya ba shi amsa nan take ba don ni mutum ne da magana ba ta zo mani sai na kwanta, shi ya sa na ce bari in rubuto, na san yana karanta jaridar nan, in ya gani ya san da shi nake.

Daren Juma'a 8 ga Satumba 2023 ba zan manta da shi ba. Akwai ɗan ƙanena, a hannuna ya tashi tun rasuwar ubansa, ya samu burs yana karatu a Marakesh ta ƙasar Maroko. Wajen sha biyun dare salula ta yi ƙara, gabana ya faɗi don yaron nan bai taɓa kirana a irin wanga lokaci ba. Ina ɗauka na ji hayaniya da kukan mata a bayansa shi kuma yana ta Baba Baba murya na rawa, wai ƙasa ta girgiza suna waje kan titi. Na ce wace ƙasa? Wallahi na ɗauka juyin mulki yake nufi, ka san lokacin bai fi wata ɗaya da rabi da yin namu ba.

Sai da hankali ya kwanta ya ba ni labari dalla-dalla. Ƙarfe sha ɗaya da minti sha ɗaya ne, yana kwance yana latsa waya a ɗakinsu hawa na uku, sai ya ji wani rugugi kamar babban kamyo ya shigo lungu, kafin ya ankara butar shayi da littattafai sun zubo daga kan kanta, ƙwan fitila na lilo, kuran ya ɗauke. Abin da ya zo mashi kawai gudu. Ya fita ba takalmi ya afka matakala cikin duhu, mutanen hawa na huɗu da na biyar su ma sun zubo, anka ture shi ya gangara ya karye a tsintsiyar hannu, ya kuma taka fasasshen gilas ƙafa ta tsage. Abokin ɗakinsa kuwa wani ɗan Aljeriya ne, iyayensa sun ga girgizar Bumardas ta 2003 wadda ta kashe sama da mutum 2,200, to shi tun yana ƙarami anka koya mashi, sai ya shige ƙarƙashin teburin karatu ya riƙe ƙafar teburin gam, da abin ya lafa ya sa takalminsa ya ɗauki fasfo da gorar ruwa ya sauko a tsanake ko ƙwarzane babu. Benen nan kuma bai faɗi ba, har yau yana nan tsaye. Matakala ce da rashin sani sunka karya yaronmu, kuma rashin sanin nan ina da kaso a ciki, don ranar da na raka shi tasha na yi mashi nasiha kan sallah da mata da abokan banza amma ko a mafarki ban kawo in ce mashi in ƙasa ta motsa ga abin da za ka yi ba, ni ma ɗin ban sani ba balle in faɗa ma wani.

Girgizar nan maki 6.8 ce a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, tushenta can cikin duwatsun Atlas a lardin Al Hauz kamar kilomita 70 daga Marakesh, ta kashe mutum kusan 3,000. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne inda mutuwar ta fi yawa, ƙauyukan kan dutse ne masu ɗakunan laka da duwatsu da rufin ƙasa mai nauyi kan itace. Da na ga hotunan sai na ga kamar tsofaffin unguwanninmu su Bagalam da Limanci bayan ruwan watan Agusta, jar ƙasa tsibi guda, azara ta leƙo, kwanon abinci da tabarma a gefe. Haka ma garin Bam na Iran a watan Disamba 2003, garin laka ne, maki 6.6 kacal amma sama da mutum dubu 26 sunka rasu suna barcin asuba.

Bayan wannan na shiga bincike irin namu na 'yan kasuwa, duk wanda na san ya yi karatu sai na tsare shi da tambaya, har wani injiniya da ke sayen kaya wurina ya gaji ya zauna ya zana mani a bayan takardar siminti. Ya ce in ɗauki doron ƙasa kamar ƙwaryar da ta fashe anka ɗinke ta, manyan ɓangarori ne haɗe da juna, kuma ba zaune suke ba tafiya suke a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar dai yadda farce ke tsiro. A wajen ɗinkin nan wani ɓangare na tura wani, ya cije ya ƙi motsi shekara ɗari ko fiye nauyi na ta taruwa, ranar da ya suɓuce lokaci guda ita ce girgizar. Ɓangaren Afirka yana tunkuyar na Turai ta arewa, shi ya sa Maroko da Aljeriya ke shan ta, garin Agadir a 1960 cikin azumi a dare guda mutum dubu 12 ko fiye sunka tafi. Mu Nijar Allah ya ajiye mu tsakiyar ƙwarya nesa da ɗinki. To a nan abokina dillali yana da gaskiya ba zan hana shi ba, kuma ba na zo in tada hankalin kowa ba ne in ce gobe Maradi za ta kife. Sai dai ko a tsakiyar ƙwaryar ana ɗan jin ta jefi-jefi. An yi a Akra ta Gana a 1939 an rasa rayuka, an yi a arewa maso yammacin Gini ranar 22 ga Disamba 1983 ɗaruruwan mutane sunka mutu, ga maƙwabtanmu nan Najeriya ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a Satumba 2018 mutane sunka fito daga gidaje a tsorace duk da dai waɗannan ƙanana ne.

Amma ni ba ma wannan ne ya dame ni ba. Bamaraɗe ai ba ya zama wuri guda. 'Ya'yanmu na karatu a Maroko da Aljeriya da Turkiyya, Alhazawanmu na saro kaya Istanbul da Sin, ga 'yan ci-rani da ke ƙetara hamada su yi aikin gini a Aljeriya su kwana cikin kangon da ba a gama ba. Istanbul ɗin nan da muke alfahari da zuwa, a 1999 an yi girgiza kusa da ita a Izmit da ta kashe sama da mutum dubu 17, kuma masanan ƙasar kullum gargaɗi suke cewa birnin na kan layi. Alhaji zai san farashin dala da kuɗin kwantena har zuwa Kwatano amma ka tambaye shi in otel ɗin da ya sauka ya fara rawa yana hawa na takwas mi zai yi, sai ya ce maka Allah shi kiyaye. Amin, amma bayan amin ɗin fa?

To ga abin da na tattaro, mai tafiya ya riƙe. In kana cikin ginin siminti, musamman bene, ka ji ƙasa ta fara rawa, kar ka yi gudu. Na san da wuya, ƙafa ita ke yanke hukunci kafin kai, amma ka daure ka durƙusa da kanka tun kafin ta kada ka, ka rarrafa ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari ka riƙe ƙafarsa don shi ma tafiya yake, in ya matsa ka bi shi. In ba tebur ka raɓe jikin bango na ciki nesa da taga da madubi da kabad, ka dunƙule ka rufe kai da ƙeya da hannuwa. In a gado ta same ka ka zauna nan ka kife ka ɗora matashin kai bisa kanka. Yawancin raunin da ake samu daga abin da ke faɗowa ne, gilas da kanta da talabijin da fanka, da kuma faɗuwar mai gudu irin ta yaronmu. Tsayawa bakin ƙofa da wasu ke cewa ba wata kariya ba ce a ginin zamani, ƙyauren ma na iya maka ka. Na'urar hawa bene kuwa ko kusa kar ka shige ta, kuran na ɗaukewa ka maƙale tsakanin sama da ƙasa. Girgizar kanta ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta kai minti ɗaya ba ko da yake manya kan wuce haka, wanda ke ciki dai gani yake kamar shekara.

Akwai wani wuri da na yi gardama da injiniyan nan sosai, na ce mashi to wanda ke ɗakin laka mai rufin ƙasa fa, wane tebur ne zai ɗauki nauyin soro, mu da ma tabarma muke zama wa ya ba mu tebur. Ya ce gaskiyarka, irin wannan ɗaki hukuncinsa daban, in kana ƙasa kuma ƙofa na kusa taku biyu uku ne, ka fice tsakar gida da sauri hannu bisa kai, ka tsaya tsakiyar fili nesa da katanga. Kar ka fita ka raɓe a lungu, lungunanmu da jaki biyu ba su wucewa a jere katangun hagu da dama ne za su haɗu a kanka. Wanda ke waje ya zauna waje, ya nisanci gini da turken kuran da wayoyi. Mai mota ko babur ya gangara gefe ya tsaya amma ba ƙarƙashin gada ba ba kuma samanta ba. In kuma bakin teku kake, ka ji girgiza mai ƙarfi ko mai tsawo, ko ka ga ruwa ya ja baya kifi na tsalle kan yashi, kar ka tsaya ɗaukar hoto ka nemi tudu da ƙafarka, a Japan ranar 11 ga Maris 2011 igiyar ruwan da ta biyo baya ce ta kashe mafi yawan mutane wajen dubu 18 tsakanin matattu da waɗanda sunka ɓace.

Bayan ta lafa ma ba a gama ba. Ka sa takalmi tukuna. Ka rufe tukunyar gaz, kar ka ƙyasta ashana ko ka kunna sigari ko ka taɓa makunnin fitila in ka ji warin gaz. Ka sauko ta matakala a hankali, in ka fita kar ka koma wai ka manta jaka ko kuɗi, domin girgiza ba ta zuwa ita kaɗai tana da 'yan rakiya. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023 ta farko ta zo ƙarfe huɗu da minti 17 na asuba maki 7.8 kusa da Gaziantep, bayan kamar awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo, ginin da ya tsage da safe da rana ya ida zubewa, tsakanin Turkiyya da Siriya sama da mutum dubu 50. Wanda kuma Allah ya ƙaddara gini ya danne shi yana da rai, ya rufe hanci da baki da riga saboda ƙura, kar ya yi ta ihu ya ƙarar da ƙarfinsa, ya samu dutse ko ƙarfe ya riƙa ƙwanƙwasa bututu ko bango, masu ceto sukan sa kowa ya yi tsit su kasa kunne. Kwana ukun farko su ne ake fi ciro mutane da rai. Sannan a bar kiran waya barkatai rezo na cushewa, saƙo gajere ya fi saurin wucewa. Ni a daren nan na kira yaron nan ya fi sau ashirin har cajinsa ya ƙare, na ƙara mashi wahala ina ganin kulawa nake.

Yanzu Malam Edita bari in zo kan inda nake da ta cewa da gaske, wato sana'ata. Makin nan da ake faɗa, duk ɗaya da ya ƙaru ƙarfin ya ninka kusan sau 32. A Haiti ranar 12 ga Janairu 2010 an yi mai maki 7.0, gwamnatin ƙasar ta ce sama da mutum dubu 200 sun mutu. Bayan mako shida an yi a Chile mai maki 8.8, wato ta ninka waccan sau ɗaruruwa, mutum ɗari biyar da 'yan kai sunka rasu. Akwai bambancin zurfi da nisa da gari ban musa ba, amma babban bambancin shi ne su Chile suna da dokar gini kuma ana bin ta, Haiti kuwa kowa ya dama simintinsa yadda aljihunsa ya ce. A Turkiyya ma bayan abin ya faru hukuma ta kama 'yan kwangila da dama, har an samu benayen da anka sare ginshiƙan ƙasa don a faɗaɗa shago. Da na ji wannan sai da na yi shiru, don na san inda anka yi haka a garin nan, kuma ni na saida simintin da anka shafe wurin.

Mu faɗa ma juna gaskiya. Buhun siminti mai kilo 50 in ana son bulo na kirki a iya sanina bai kamata ya wuce talatin zuwa talatin da biyar ba, amma ka je wurin masu buga bulo ka ji, hamsin, sittin, bulon da in ka murza da yatsa yashi ke zuba, in ana sauke shi daga amalanke kashi ɗaya cikin goma ya fashe tun bai ga gini ba. Mutum zai zo shago injiniya ya rubuta mashi ƙarfe mai lamba 12, ya tambayi kuɗi ya dafe kai ya ce ba ni mai 8 ai duk ƙarfe ne. Zoben da ke ɗaure ƙarfen ginshiƙi a ware shi taku guda don a rage kilo biyu. Shenaj, ɗamarar nan ta kankare da ke zagaye gini ta ɗaure bango huɗu su zama abu guda, wasu gani suke ado ne, a yi ta gaba inda mutane ke gani a bar baya. A zuba dal, wato rufin kankare, yau, ban ruwa na kwana biyu a ce mai ruwa ya yi tsada, alhali aƙalla mako guda yake so yana shan ruwa kuma sai ya yi kwana 28 ƙarfinsa ke cika, mu kuwa kwana goma an cire katako an hau an ɗora wani. Tushen da anka haƙa don ɗaki biyu da falo, kasuwa ta yi kyau Alhaji ya ce a ɗora hawa ɗaya, baɗi a ƙara wani, ba wanda ya koma ya tambayi tushen ko zai iya. Amma fenti da tayil da ƙofar Turkiyya kam ba a ragi, nan ne ido ke gani.

Kuma ba na cire kaina. Sau nawa na ga mutum na sayen abin da na san ba zai riƙe ba na yi shiru don kar ciniki ya wuce shagon maƙwabci. Katangar gidana ma ta baya da ragowar bulo mai arha na yi ta, ba ginshiƙi ba shenaj, na ce ai katanga ce kawai. Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024 da anka yi ruwan nan da duk ɗan Maradi ya sani, milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, wanda gwamna ya ce mutum 15 sun rasu, ina tsaye bakin ɗaki ina kallo katangar nan ta kwanta gaba ɗaya kamar an ture ta da hannu, ko ƙara mai yawa ba ta yi ba, ta danne mani tumaki biyu da murhun uwargida. Daidai wurin nan ne yara ke shimfiɗa tabarma su kwana lokacin zafi. Na daɗe tsaye cikin ruwa ban ce komai ba. Kwana kaɗan bayan haka tsohon masallacin laka na Zinder da ya haura shekara ɗari da hamsin shi ma ya zube, daminar nan kusan mutum 400 ta ci a faɗin ƙasa, wasu ruwa ya tafi da su da yawa kuma ɗaki ne ya faɗa masu. Ƙasa ba ta motsa ba ko kaɗan. To ginin da ruwan awa ɗaya da rabi ke kayarwa, ina ga ranar da anka ɗan jijjiga shi? Shi ya sa da abokina ya ce mi ya haɗa mu da girgizar ƙasa na kasa dariya, ɗamarar da ke riƙe gini a Chile ita ce dai za ta riƙe shi a unguwanninmu na Zariya da Ali Ɗan Sofo cikin watan Agusta. Kuma garin nan ya taɓa koyon darasi, tsofaffinmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a cikin kwarin gulbi har anka tashi anka hau tudu, yau ga mu muna komawa muna yanka filaye a hanyar ruwa, dillalai kuma sun san kansu.

Wani abu kuma shi ne ba mu iya fita daga hatsari ba, ba mu iya ceto ba. A watan Nuwamba 2021 cikin kwana biyu a jere ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa mutum 18 sunka rasu, washegari gobara ta tashi a azuzuwan zana nan cikin gari yara ƙanana sama da ashirin sunka ƙone, Allah shi jiƙansu shi ba iyaye haƙuri. Duk inda abu ya faru sai ka ga jama'a sun yi dafifi kowa da salula a sama, motar 'yan kwana-kwana ta rasa hanya, masu son taimako kuma su hau kan ɓaraguzai suna ƙara danne na ƙasa, ko a fizgo wanda ya karye a baya a naɗe shi cikin adaidaita. Yara nawa ne a garin nan sunka san lambar 'yan kwana-kwana 18 ce? A Japan ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara ranar atisaye ce saboda tunawa da girgizar 1923 da ta haɗu da gobara ta cinye Tokyo, ɗan shekara biyar ya san inda zai shige da ƙofar da zai bi. Mu ba sai mun kira shi atisayen girgizar ƙasa ba kar a yi mana dariya, a kira shi na gobara da ruftawar gini, sau ɗaya a kowane zangon karatu a busa usur yara su fita a layi su taru wuri guda a ƙirga su, lakwal da islamiyya duka. Wannan ko dala ba ya ci.

Na san akwai masu cewa duk wannan surutu ne abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, mu musulmi ne, sura guda ce sukutum a Alƙur'ani kan ranar da za a girgiza ƙasa girgizawarta, yaranmu na haddace ta tun suna allo. Amma ai malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ma mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma ban taɓa ganin mai wannan magana ya bar shagonsa buɗe ya tafi gida ba, kwaɗo uku yake sawa. Abin da ya fi ɓata mani rai ma masu saurin yanke hukunci, ana cikin ciro gawar jarirai wani na tura murya a WhatsApp wai zunubinsu ne ya ja masu, ƙauyawan Atlas ɗin nan talakawa ne masu sallah kamar mu, wa ya ba ka littafin aikinsu. Haka masu tura saƙon wai masana sun ce ranar kaza ƙarfe kaza za a yi girgiza a tura ma mutum goma. Ƙarya ce. Har yau ba wani masani a duniya da ke iya faɗin rana da sa'a, iyakarsu su ce yanki kaza na cikin hatsari, sai kuma na'urorin da ke ba da gargaɗin 'yan daƙiƙu bayan ta riga ta fara a can tushenta.

Roƙona ga magajin gari da ma'aikatansa, takardar izinin gini kar ta tsaya a biyan kuɗi da buga hatimi, a samu mai zuwa ya duba tushe da ƙarfe kafin a zuba kankare, ko da a benaye da makarantu da masallatai ne kaɗai a fara. Masu buga bulo a sa masu ƙa'ida. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan cikin garinmu da malamai masana ƙasa, gidajen radiyo su gayyato su su yi bayani da Hausa, a haɗa da tsofaffin magina don su ma ginin laka akwai yadda ake ɗaure shi ya yi ƙarko, ba kowa ke da kuɗin siminti ba. Masu tura ɗalibai waje kuma ko rabin takarda ce a rubuta a ba kowane yaro tare da tikitinsa.

Yaron dai ya warke sai ɗan tabo a tafin ƙafa, ya ce yanzu takalminsa da fitila a gindin gado suke kwana. Katanga kuma na sake ta, ginshiƙi duk bayan mita uku da shenaj sama da ƙasa, ta ci kusan ninki biyu na ta farko uwargida na ta mita wai kamar mai ginin banki. Shi kuwa abokina dillali shekaranjiya ya zo shago zai kewaye wani fili, ya ɗauki buhu ashirin, na tambaye shi bulo nawa za a buga ya ce dubu da ɗari biyu. Na ce sai dai ka ƙara buhu goma sha biyar ko ka je gaba, ya ce kasuwa nake nema da shi, ya ɗauki ashirin ɗinsa a shagon maƙwabcina.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku, mai saida kayan gini, unguwar Zariya, Maradi.